Shekarar da Na Ƙi Akwatin Nasiru

Akwai maganar da ke yawo a tsakaninku, 'ya'yana, wadda kuke tsammanin ba ta iso kunnena ba. Kuna cewa a shekarar da Innarku ta kwanta, taurin kai ne ya sa na ƙi akwatin da yayanku Nasiru ya aiko daga Abuja, na rungumi tsohuwar kwamfutar shago ina fama da baƙin allo. Wasunku suna cewa autarku Safiya ce ta zuga ni. Har jikoki sun ɗauka, don na ji ɗiyar Balkisu tana ce wa ƙanenta, da ya ƙi cin tuwo, wai halin Kaka ya kwaso. Ban ji haushi ba. Taurin kai ina da shi, ba na musu. Amma a wannan karon ba shi ba ne. Tunda wadda na kame bakina dominta ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya haskaka makwancinta, gara in faɗa muku yadda aka yi tun hannuna yana iya riƙe biro.

Kun san shekara arba'in na yi ina gyaran rediyo da rikoda a bakin kasuwar Illela. Da zamani ya juya na koma gyaran waya, har na sayi kwamfuta ta hannu ina zuba wa mutane karatu da wa'azi a waya. Da ido ya fara gajiya na rufe shago, na kwaso kwamfutar na ajiye a ɗakin shirgi, na rufa mata tsohon zani. Ina tsammanin ni da ita mun gama aiki. A shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama yankan gero, Innarku tana tankaɗe da hantsi sai rariya ta suɓuce daga hannunta. Sati uku muka yi a asibiti a Sakkwato. Muka dawo da ita ɓarin dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma biyu kawai aka bar mata: "to" da "Allah". Ku da kuka tashi a gidan nan kun san abin da nake nufi. Matar da in tana faɗa wa akuya magana a bayan gida ana jiyo ta daga zaure, matar da ba ta iya miƙa wa mutum kofin ruwa ba tare da ta haɗa masa da labari ba. Gidan ya yi shiru irin wanda ban taɓa sani ba. Sai in zauna kusa da ita ina ta zuba, ni da ba gwanin hira ba ne, tana kallona tana cewa "to", wani lokaci da tausayi, wani lokaci kamar tana cewa, yi shiru haka nan, ba ka iya ba.

Sai ga akwatin kaset ya iso. Yayarta Hassi, da kuke kira Inna Babba, ta yi aure a Tawa, cikin Nijar, tun Innarku tana budurwa. Su biyun ba mai rubuta wasiƙa, don haka kaset suke aika wa juna ta hannun direbobin albasa. Manyanku za su tuna ranar da take korar kowa daga ɗaki, ta ja ƙofa, ta zauna da rikodata. Bayan rasuwar Hassi, ɗiyarta tana gyaran ɗaki ta ci karo da akwatin ƙarfe cike da kaset. A lokacin an rufe iyaka, mota ba ta wucewa, sai wani ɗan uwansu ya ɗauro shi a bayan babur ya biyo ta gonaki. Kaset hamsin da takwas. Na gane su tun kafin in taɓa, don daga shagona suka fito, rubutuna ne a bayansu.

Muka shimfiɗa mata tabarma ƙarƙashin dogon yaro, na goge kan rikoda da auduga, na saka na farko. Aka ɗan yi shuu, sai murya ta fito, siririya, ta yarinya:

"Salamu alaikum Yaya. Ni ta, Rabi. Kina lahiya? To ki zamna da kyau, yau labari na da yawa."

Safiya ta toshe baki ta ruga ɗaki. Ni na kasa ɗaga kai. Da na waiga sai na ga Innarku tana dariya da rabin bakinta, hawaye yana bin gefen da ba ya motsi.

Amma da na buɗe rikodar bayan kaset ya ƙare, na ga abin da mai gyara ba ya son gani. Garin zare ya taru a kan ƙarfen, ja-ja kamar jar ƙasa. Zafin shekaru ya cinye su. Wasu za su jure saurare biyu ko uku, wasu ɗaya tak. Dole a kwashe muryar a mayar cikin kwamfuta, kuma da sauri. Safiya, da take koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, ta buga wa 'yan uwanta ta faɗa. Kowa ya ce yana son ji. Balkisu tana Ƙonni, nan kusa, amma rufe iyaka ya mayar da ita kamar mai zama Makka. Nasiru kuwa aikinsa ke nan, nan take ya ce a kwashe a ɗora a ma'ajiyar intanet, kowa ya ji daga inda yake. Wayar a buɗe take, Innarku tana ji. Sai ta ɗaga hannun hagu ta buga tabarma, ta sake bugawa. Na tambaye ta ko ba ta son muryarta ta kwana a gidan wasu. Ta ce, "To." Nasiru ya yi dariya ya ce ba komai, sai a yi wa Inna saba a gida. Ya bayyana mana cewa saba kwamfuta ce da ake bari a kunne kullum, tana ajiye kaya, wanda aka ba izini ya ɗiba daga nesa da wayarsa. Na ce ashe rumbu ne. Daga ranar sunan ya bi ta. Ya ce zai sayi sabon akwati da aka ƙera don wannan aiki, ya shirya komai a can, ya aiko. Namu kawai mu jona wuta, shi zai riƙa kula da shi daga Abuja. Na yi masa addu'a, kuma har zuciyata na yi murna.

Kwana huɗu bayan haka, Safiya tana makaranta, daga ni sai Innarku a gida. Na saka wani kaset don in ji ko yana da sauran rai. Ta gaida Hassi, ta yi zancen tsadar manja, sai ta rage murya ta ce:

"Yaya, Nasiru ya hwara tahiya. Jiya yat tashi ya yi taki ukku yah hwaɗi. Wallahi ji na yi kamar in ɗauke shi in zagaya gari da shi. Nasiruna, Yaya. Ke kaɗai nika iya hwaɗa ma."

Hannuna ya tsaya a kan rikodar. Ku 'yan baya ba lallai ku gane nauyin wannan ba. Nasiru ɗan fari ne, Innarku kuwa ta tashi cikin mutanen da suke riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron ga", da ya girma ya koma "na Abuja". Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice. Da aka yaye shi aka kai shi Gidan Katta wurin mahaifiyata, ko uffan ba ta ce ba. Ni kaina da nake kwana ɗaki ɗaya da ita, na ɗauka haka abin yake har ciki. Ga shi yanzu ina jin ta tana ba Hassi labarin yadda take ƙirƙiro zuwa Gidan Katta sayen kuka, alhali da kuka a gida, don kawai ta hango shi yana wasa a ƙofar gida ta wuce. A wani kaset tana faɗin ranar da ya ci jarrabawa, ta ce "madalla" a tsakar gida, ta shige madafa ta tura ƙofa ta taka rawa ita kaɗai. Kaset da dama yana ciki.

Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, tsohuwa mai jikoki, tana jin kunya kamar amarya. Na kashe rikodar.

"In goge su?" na tambaye ta.

Ta girgiza kai da ƙarfi.

"In ɓoye su, kada shi ji?"

"To."

"Har yaushe, Rabi?"

Ta sake ni. Ta dafa ƙirjinta, sannan ta shimfiɗa tafin hannunta a ƙasa ta bar shi nan. Na gane. Na ce mata na ɗauka, kuma ba wanda zai ji daga bakina.

Da la'asar na kira Nasiru, na yi kamar tambayar mai son sani ce kawai. Na ce shi wanda ke kula da rumbun, akwai abin da za a iya ɓoye masa a ciki?

"A'a Baba," ya ce. "Mai babban makulli ba a ɓoye masa komai. Amma ai ni ne, ba baƙo ba."

Nan gizo yake saƙa. In na karɓi akwatinsa, na saka muryar uwarsa a hannunsa. Na san ɗana, ba zai yi bincike da gangan ba, amma mai gyara dole ya buɗe ya gwada, ni shaida ne. In kuma na ce a ware wasu kaset kada a kwashe, zafi zai cinye su kafin ranar da ta ce. In na ce masa akwai abin da ba a son ya ji, na riga na tona rabin asirin, kuma zai ɗauka mugun abu ne. Hanya ɗaya ta rage: makullin ya zauna a hannuna. Ni da shekara sittin da bakwai, da tabarau mai kauri.

Na sa Safiya ta fito da tsohuwar kwamfutar shago, muka kakkaɓe ta, ta tashi da ƙyar tana gurnani. Safiya ta ce kafin komai sai an zaɓi babbar manhajar da za ta tafiyar da ita, don ita ce kamar direba, sauran duk fasinjoji ne. Ta lissafo mini. Akwai wadda na saba da ita a shago, mai hotuna da tagogi, sai dai sabuwarta ba za ta hau wannan tsohon ƙarfe ba, sai an sayi sabo, kuma tana da cin wuta, mu kuwa sola muke da ita da batir biyu. Akwai irin ta akwatin Nasiru, mai sauƙi ga mai saurare, amma shi ya san cikinta. Sai ta uku, da ake kira Linux, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina suka bar wa kowa. Ita ma iri-iri ce kamar wake. Wata kullum tana sauya riga, wata sai ta yi shekaru ba ta canza hali ba. Wata da hotuna, wata babu komai sai baƙin allo da rubutu. Kwana biyu muna wannan zance a tsakar gida, Innarku tana jin mu. Ni ban san sunayensu ba, sai na yi tambaya irin ta masu gyara.

"Wace ta ka iya tahiya bisa tsohon ƙarhen ga ba tare da ta shanye batir ba?"

"Mai baƙin allon, Baba."

"In ta lalace ana iya buɗe cikinta a ga abin da ya ƙone, ko irin rediyon zamani ta da anka liƙe da gam?"

"Ana buɗewa. Komi a rubuce shike, in mutum ya iya karantawa."

"In na kwana na tashi, zan iske ta yadda na bar ta?"

"In ka ɗauki wadda ba ta son sauyi. Gyara kawai aka aiko mata, shekara da shekaru."

"Ita nika so."

Safiya ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, Baba, wannan fa ita ce mafi wuya, kuma Yaya ya riga ya sayi akwati. Mi ya sa? Na ce mata haka na ga dama. Ku shaida, yarinyar nan ba ta zuga ni ba. Roƙona ta yi in haƙura, har da ƙwalla. Ranar da muka ɗora manhajar, da aka zo wurin saka kalmar sirri na ce ta juya baya. Ta juya, amma na ga kafaɗunta sun faɗi. Ita ma na ɓata mata, ba ta san dalili ba.

Akwatin Nasiru ya iso tasha ranar wata Lahadi, cikin kwali mai kyau, ya rubuta "Na Inna" a jiki da hannunsa. Na ɗora shi bisa kabad ban buɗe ba. Da na kira shi na faɗa masa ba zan yi aiki da shi ba, sai ya ce:

"Baba, aikina ke nan fa. Shi nake yi wa mutanen da ban sani ba kullum. Abu ɗaya da na iya, da zan yi wa Inna, shi ne za a ce a'a?"

"Ba raini ba na, Nasiru."

"To mene ne?"

Innarku tana zaune nesa kaɗan, ta kafe ni da ido. Na ce masa ina son abin da zan iya gyarawa da hannuna. Ya ce, "Shi ke nan, Baba. Allah Ya taimaka." Wannan "shi ke nan" ta daɗe tana ci mini rai. Na san abin da ya ji. Yaron da ya tashi uwarsa tana kau da kai, yau ubansa ma ya mayar masa da kyautarsa. Daga nan ya rage kira. Yana aiko da magani a kan lokaci, yana tambayar jikin Inna ta wurin Safiya, amma ni sai gaisuwar Juma'a, ita ma gajeriya. Ƙaramar Sallah bai zo ba, ya ce aiki.

Karatun kuwa ya ba ni wuya fiye da yadda na zata. Da hantsi nake zama, in rana ta hau batir ya ƙoshi. Na sami littafi ina rubuta kowane umarni da Safiya ta koya mini, da abin da yake yi a gefensa da Hausa. Baƙin allon nan ba ya lallashi. In ka ƙara tazara ɗaya inda ba ta dace ba, sai ya ce bai san zancen ba. Na jona rikoda da kwamfuta da wayar da na haɗa da kaina, wannan kam fagena ne. In zare ya tsinke in liƙa da man farce, in naɗe da biro, in saka, in zauna har ya ƙare, don kaset ba a yi masa gaggawa. Innarku ta sa aka riƙa kawo kujerarta kusa da teburin. In na yi kuskure na yi tsaki, sai in ji "Allah", da wata murya da na sani sarai, wadda take yi in na dawo kasuwa na manta abin da ta aike ni. In abu ya yi daidai ta ce "to", ta ɗan buga hannun kujera. Shekara arba'in da biyu muna tare, ban taɓa wuni da ita haka ba. Kullum ina shago tana gida. Sai da bakinta ya rufe na zauna na ji duk abin da ta faɗa, har da inda take ce wa Hassi "mai rediyon ga" ya gyara na duk gari ya bar nata yana tari.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi, don kada ku ce na wanke kaina. A wata na biyu, ina son share wani ɗakin gwaji da na buɗe a cikin rumbun, na rubuta umarnin na saka sunan da ba shi ba. Allon bai tambaye ni ko na tabbata ba. Ya yi abin da na ce. Aikin kaset goma sha ɗaya ya tafi cikin ƙiftawar ido, kuma ban ajiye kwafi a wani wuri ba, duk da Safiya ta faɗa mini sau biyu. Tara daga ciki na sake kwashewa. Biyu kuwa zarensu ya riga ya zube tun a saurare na farko. Ɗaya a cikinsu shi ne wanda kakarku ta wurin uwa ta karɓi rikodar ta gaida Hassi, ta yi wa jikokinta addu'a ɗaya bayan ɗaya. Ita ke nan muryarta da ta rage a duniya, kuma ni na share ta da yatsana. Balkisu, ke aka fi yi wa addu'a a ciki, kina jaririya a lokacin, ba ki kuma taɓa ji ba. Ki yafe mini. Da labari ya kai wa Nasiru, ya ce wa Safiya akwatinsa faifai biyu gare shi, in ɗaya ya ɓata ɗaya na nan, kuma yana ajiye abin da aka share na wani lokaci. Gaskiya ya faɗa. Da na karɓi nasa, da muryar tana nan. Ranar na durƙusa gaban Innarku na ce mata ko mu haƙura a kira yaron. Ta daɗe tana kuka, don uwarta ce. Sannan ta share fuska da gefen mayafi, ta nuna mini kujerata a gaban allon.

Wata huɗu aikin ya ci. Da muka gama, na kawo faifan kaba uku na ajiye a gabanta. Ina ɗaga kaset ina tuna mata abin da ke ciki, tana nuna inda za a sa: na kowa da kowa, na mata kaɗai, da na rufewa. Haka na raba su a cikin rumbun, kowane ɗa da ƙofarsa. Safiya ta shirya hanyar da za ku shigo daga nesa. Balkisu ce ta fara kira daga Ƙonni, muna jiyo muryar Innarku tana tashi a ɗakinta a can, tana ba da labarin wata tunkiya da ta ci sabulu.

Nasiru ya zo Babbar Sallah. Ya shiga ya gaida uwarsa, ta kau da kai ta ce "to" kamar kullum, shi ma ya tashi kamar kullum. Washegari ya tsaya a ƙofar ɗakin da rumbun yake, yana kallon tsohuwar kwamfutar da na ɗora bisa bulo biyu saboda ruwa, da ƙaramar fanka da na ɗaura mata. Ya ɗauki littafina ya yi ta buɗawa. Bai yaba ba, bai kushe ba. Sai ya miƙa hannu bisa kabad ya sauko da akwatinsa, ya farke kwalin, ya kwance faifai ɗaya daga ciki. Ya ce a jona wannan, kullum rumbun ya riƙa kwafe kansa a kai. Ya faɗa mini abin da zan rubuta, ni na rubuta. Da allon ya nemi kalmar sirri, ban ce masa komai ba, shi da kansa ya juya ya fuskanci bango. Namiji mai 'ya'ya uku, wanda ya fi ni sanin abin nan sau dubu, yana tsaye yana kallon bango a gidan ubansa don wani dalili da ba a faɗa masa ba. A ranar na so in karya alkawari fiye da kowace rana. Na cije.

Damina ta gaba Allah Ya karɓi abinSa, ranar wata Talata da safe, kanta a kan cinyar Safiya. Bayan addu'ar uku, da mutane suka ɗan ragu, na kira Nasiru ɗakin da hantsi. Na buɗe ƙofar cikin rumbun da ba a taɓa buɗe wa kowa ba, na miƙa masa abin sawa a kunne, na ce wannan saƙonka ne, an ce in riƙe maka sai yau. Na ja masa ƙofa na koma zaure wurin masu gaisuwa. Aka kira azahar bai fito ba. Sai da muka idar da salla na gan shi a sahun baya. Da aka watse ya zo ya zauna kusa da ni a tabarma, idanunsa sun kumbura. Wasu mutanen Kalmalo suka shigo ta'aziyya, ya amsa musu da kyau. Bayan sun fita ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Baba, ashe ta san sunana."

Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi. Na kama hannunsa, abin da rabona da yi tun yana ƙarami. Akwai abu ɗaya da ba ya cikin kaset ko ɗaya, don ya faru kafin a fara su. Ana gobe suna, ni na riga na yanke zan sa masa sunan mahaifina, sai Hassi ta same ni a zaure ta ce mai jego ta aiko ta da roƙo, amma ta ce in ya fita bakin wani za ta musanta.

Na ce masa, "Yo ba dole ta sani ba. Ita taz zaɓa maka shi."